Malfar Inna da Malfar Jaji: Abin da Tarihin Sakkwato Zai Koya wa Mai Ƙaga Ƙasar Mata



A 'yan watannin nan, cikin gwajin labaran da ake turowa wannan dandali domin a duba, mun lura da wani salo da ke ta maimaituwa. Marubuci zai ƙago wata ƙasa can bayan duwatsu bakwai, ya ce mata ne ke mulkinta. Sarauniyar kyakkyawa ce kuma muguwa, tana da dakaru mata dubu masu sulke, maza kuwa bayi ne masu surfe da ɗiban ruwa. Can sai jarumi ya shigo, ko dai ya rushe mulkin da takobi, ko kuma sarauniya ta kamu da sonsa ta miƙa masa gadon sarauta. Da muka tambayi wasu daga cikin masu rubutun inda suka samo wannan hoto, amsar ba ta wuce wasannin bidiyo da finafinan da suka tashi da su ba.

Aro ba laifi ba ne a adabi. Abubakar Imam kansa ya yi aro daga labaran Larabawa da na Turai ya sa musu rigar Hausa. Abin da ya dame mu shi ne, a ce mutum yana zaune a Sakkwato, tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsa da Hubbaren Shehu, amma ya tsallake tarihin da ke ƙofar gidansa ya je Japan ko Amurka aron ƙasar mata, ya kuma aro wadda ba ta da tushe. Shi ya sa a wannan mako za mu duba yadda wasannin nan ke gina mulkin mata, sannan mu dawo gida mu ga yadda mata suka riƙe iko a ƙasar Hausa da gaske.

ƘASAR MATA A WASANNIN BIDIYO

Kowane babban wasan almara yana da tarihin ƙage da aka gina shi a kai: asalin ƙabilu, da dokokinsu, da abin da suke bauta wa. A wasan Zelda na kamfanin Nintendo, wanda aka fitar da kashinsa mai suna Ocarina of Time a 1998, akwai ƙabilar Gerudo, mata mazauna hamada. Dokar tarihinsu ta ce sau ɗaya a shekara ɗari ake haifa musu namiji, kuma da zarar an haife shi, shi ne sarki. Wannan namiji shi ne Ganondorf, babban mugun wasan. Ku lura da kyau: ƙasar mata ce zalla, amma sarauta tana nan tana jiran namiji. A kashin da ya fito a 2017, Breath of the Wild, an hana maza shiga garinsu, sai jarumin ya sa kayan mata ya saci hanya.

Akwai kuma ƙabilar Drow ta duniyar Dungeons & Dragons, wadda 'yan wasa suka sake haɗuwa da ita a Baldur's Gate 3 na 2023. Su a ƙarƙashin ƙasa suke zaune, iyaye mata ke shugabancin manyan gidaje, suna bauta wa wata gizo-gizo mai suna Lolth, maza kuma ƙasƙantattu ne. Mulkin nasu cike yake da guba da cin amana. Saƙon da ke ɓoye a nan a fili yake: in mata suka samu iko, zalunci ne zai biyo baya.

Wanda ya ɗan fi su tunani shi ne Horizon Zero Dawn na 2017. A can, ƙabilar Nora tana ba mace daraja gwargwadon zuriyar da ta gani: uwa, kaka, kakar kaka. Jarumar wasan, Aloy, an mai da ita saniyar ware saboda ba a san uwarta ba. A nan dokar al'umma ita ce ta haifi matsalar jaruma, labari kuma ya tsiro daga dokar.

Shi wannan tunani na ƙasar da mata suka danne maza ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Girkawan dā suna da labarin mayaƙa mata da suke kira Amazon. A 1861 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Jakob Bachofen, ya wallafa littafi yana cewa ɗan Adam ya fara rayuwa ne ƙarƙashin ikon uwa kafin uba ya ƙwace. Masu nazarin al'ummomi da suka zo daga baya sun bincika, mafi yawansu kuma suka tsaya a kan cewa ba a samu al'ummar da mata suka mallake maza kamar yadda ake kifa ƙwarya ba. Abin da aka samu ya fi haka sarƙaƙiya: al'ummomin da ake bin dangantaka da gado ta wajen uwa, kamar Asante na Gana da wasu rassan Buzaye, da kuma masarautun da aka ware wa mata kujeru na musamman. A shekarar da Bachofen ke wallafa hasashensa, Nana Asma'u tana raye a Sakkwato, tana tafiyar da wani tsari na mata da bai taɓa jin labarinsa ba.

DAURAMA DA AMINA: INDA TARIHI YA HAƊU DA TATSUNIYA

Kowane ɗan makaranta ya san labarin Daura. Ruwayar ta ce mata ne suka yi ta sarauta, tun daga Kufuru har zuwa Daurama, kafin baƙo Bayajidda ya iso ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya, daga zuriyar ɗansa Bawo kuma aka samu sarakunan Hausa. Masana tarihi suna ɗaukar wannan a matsayin labarin asali, wato labarin da al'umma ke ba kanta don ta bayyana yadda tsarinta ya samu. Ko da an ɗauke shi a haka, yana da abin koyarwa ga marubuci. Mulkin mata a labarin nan bai faɗi da yaƙi ba. Ya sauya hannu ta hanyar ruwa da aure da haihuwa. Wanda ya buɗe wa gari rijiya shi ya samu shiga fada. Sarautar Magajiya kuma ba ta mutu ba, ta ci gaba da zama a tsarin sarautun Daura bayan maza sun hau gado.

A nan kusa da mu, ruwayoyin Zamfara suna ambaton 'Yargoje, macen da aka ce ta yi sarauta a ƙarni na 14. Amma wadda duniya ta fi sani ita ce Amina ta Zazzau, har ta kai masu wasannin bidiyo sun ɗauke ta. A 2021 wasan Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummominsa, da Amina a matsayin jagora. A 2025 kuma Civilization VII ya sa ta cikin shugabannin da ɗan wasa zai iya zaɓa.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci Amina daga alƙalamin Sakkwato ya fito. Muhammadu Bello ne, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya ce ta yi yaƙi da ƙasashen nan har Katsina da Kano suka riƙa ba ta haraji, ya kuma ce ta rasu a Atagara. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya sa zamaninta a lokacin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana cin garuruwa, har Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu ruwayoyin kuwa sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, abin da ya jawo zamaninta zuwa ƙarni na 16. Tsakanin ruwayoyin biyu akwai tazarar fiye da shekara ɗari.

Sai kuma sanannen zancen nan na cewa a kowane gari ta ci takan ɗauki namiji ta kwana da shi, da safe a kashe shi. Wannan daga ruwayar baka ya zo, kuma ku dubi yadda ya yi kama da sarauniyar Drow kamar an tsaga kara. Ashe tsoron mace mai iko ba Turawa kaɗai ke ƙaga masa labari ba, mu ma mun iya. Marubuci mai hankali zai lura cewa a cikin abin da aka rubuta game da Amina, goro da haraji da ganuwa sun fi takobi yawa. Ikonta a kan hanyoyin fatauci ya tsaya.

INNA TA GOBIR

Kafin a kafa birnin Sakkwato a 1809, babbar fadar wannan yanki Alƙalawa ce, hedikwatar Gobir. A wannan fada akwai kujerar Inna. Daga gidan sarauta ake naɗa ta, galibi 'yar uwar sarki. Ita ce shugabar mata, ita ce kuma shugabar masu bori. Tana da gidanta da mutanenta, ana kawo mata ƙara, tana da hanyar samun kuɗin shiga, kuma a manyan bukukuwa tana fitowa da shiga irin ta masu sarauta, har da malfa.

Wannan tsari ba Gobir kaɗai ke da shi ba. A Katsina ta Maraɗi akwai Iya, a Daura akwai Magajiya, a Barno akwai Magira, uwar sarki. Sarki namiji ne, amma akwai fagen da ba ya shiga sai ta hannun mace: sha'anin mata, da warkarwa, da hulɗa da iskoki bisa imanin mutanen lokacin. Bayan Alƙalawa ta faɗi a 1808, da kuma yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka tafi da sarautar Inna, tana kuma nan har yau a Jamhuriyar Nijar.

Ba muna kawo wannan don yabon bori ba ne. Malaman jihadi sun yaƙe shi, kuma dalilansu a rubuce suke. Muna kawo shi ne domin mai son fahimtar abin da Nana Asma'u ta yi dole ya fara sanin abin da ta tarar. Macen ƙauye da ɗanta ke zazzaɓi, ko mijinta ya mutu a yaƙi, ko aka kamo ta aka kawo ta baƙon gari, tana da inda ta saba kai kukanta. In ka rushe wannan wuri ba ka gina wani ba, za ta koma ko ta bayan gida ne.

NANA ASMA'U DA 'YAN TARU

Tun kafin hijira zuwa Gudu a 1804, maganar mata tana cikin da'awar Shehu Usmanu. Lokacin da yake wa'azi a Zamfara, wani malami, Mustafa Goni, ya soke shi a kan barin mata su halarci majalisinsa. Ƙanensa Abdullahi ya mayar da martani a waƙe, hujjarsa kuwa ita ce barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi cutarwa. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu.

A irin wannan gida aka haifi Asma'u a wajajen 1793, tagwaye ita da Hassan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira, ta ga yunwa da annoba da gudu daga sansani zuwa sansani. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kowane harshe da mutanen da ta nufa da shi: Larabci ga malamai, Fulatanci ga jama'ar gidan Shehu, Hausa ga talakawa masu rinjaye.

A shekarun 1830 ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru. Ga yadda tsarin yake aiki. A ƙauye akan zaɓi dattijuwa mai mutunci da natsuwa, Asma'u ta naɗa ta Jaji. Kalmar daga harshen fatake ta fito, domin jaji shi ne mai shiga gaban ayari. Jaji za ta tattaro mata ta jagorance su a ƙasa zuwa wurin Asma'u. Matan da ke tsakiyar haihuwa da reno ba su cika yin tafiyar ba. 'Yan mata ƙanana da dattawan mata ne ke zuwa, su koyo, su dawo su koyar da waɗanda ke cikin gida. Sukan zo da sadaka, irin su hatsi da zuma da man shanu da zane, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata. Darasin a waƙe yake, don wadda ba ta iya karatu ba ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Akwai waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai ta tarihin hijirar Shehu da yaƙe-yaƙensa, akwai wadda ta lissafa mata salihai tun daga iyalan Annabi (SAW) har zuwa matan zamaninta, don mace ta san tana da magabata.

Yanzu ga wurin da muke son kowa ya tsaya ya duba. Alamar da Asma'u ke ba Jaji ranar naɗi ita ce malfa, a naɗe da jan ƙyalle. Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe a Sakkwato tana bincike a ɗakin littattafan Waziri Junaidu, jikan zuriyar Asma'u, ta nuna a littafinta na 1989 cewa malfar nan irin ta Inna ce. Macen ƙauye da ta hango ta daga nesa ta san ma'anarta tun kafin a yi magana: ga shugabar mata nan tafe. Sai dai wadda ke ƙarƙashin malfar yanzu karatu ta kawo. Asma'u ba ta ƙone alamar abokiyar hamayya ba. Ta ɗauke ta ta zuba mata sabon abu.

Ba ta taɓa hawa gadon sarauta ba, ba ta ja runduna ba. Duk da haka ta yi musayar rubutu da Sarkin Musulmi Bello da malaman nesa, ta yi wa manya marsiyya, ta kuma yi wa wata Jajinta mai suna Hauwa'u, macen da ba don waƙar ba da tarihi ya manta da ita. Ɗanta Abdulƙadir ya zama Waziri. Da ta rasu a 1864 aka binne ta kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru. Tsarin ya tsallake zuwan Turawa a 1903, ya kai ƙarni na 20 da ransa. Daulolin takobi nawa ne suka yi irin wannan tsawon kwana?

WAƊANDA BA A NAƊA BA

Kuskure ne mu tsaya ga 'ya'yan sarakuna da 'ya'yan malamai kawai. A 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya bi rundunar Bello zuwa wani hari a kan Gobirawa. A cikin abin da ya rubuta, wadda ta fi burge shi a fagen ba barde ba ce. Wata tsohuwar baiwa ce, Bazamfara, a kan doki, da malfar kaba a kanta, ta rataya gorunan ruwa, tana kutsawa tana shayar da masu ƙishi da masu rauni. Ga jaruma a shirye tana jiran marubuci, kuma ba ta buƙatar sulken zinariya.

Wannan ya kawo mu ga gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa. A ƙarni na 19, kalmar "mata" ba abu ɗaya take nufi ba. Akwai 'ya mai 'yanci, akwai ƙwarƙwara, akwai baiwar da ke noma a rinji. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka wallafa a 1954, ta ba da labarin zamanin da bayi mata ke fita gona, da yadda abubuwa suka sauya bayan an hana bauta. Daga irin wannan shaida masana suka lura cewa zaman cikin gida ya zama alamar 'yanci da daraja ga matan da a dā ake tilasta wa aikin gona. Ke nan abin da wata ke gani takura, wata na ganinsa hutu da mutunci. Labarin da ya haɗa mata duka a kwando ɗaya, ko a matsayin waɗanda ake zalunta ko a matsayin masu zalunci, bai san mata ba.

IN MARUBUCI YA TAƁA TARIHI

Akwai misali daga maƙwabta da ya kamata ya sa mu yi hattara. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta yi ta ƙone garuruwa a kan hanyarta zuwa tafkin Chadi, ta gamu da turjiya a Lugu, garin Sarauniya Mangu, a ƙasar Arewa ta Nijar. Sarautar Sarauniya a Lugu ta addinin gargajiyar Azna ce. A 1980 Abdoulaye Mamani ya rubuta ƙagaggen labari a kanta da Faransanci, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Daga nan sarauniyar littafi, mayaƙiya mai kwari da baka, ta rufe ta tarihi, har yara da yawa ba su san akwai bambanci ba.

Mamani yana da dalilinsa, yana neman gwarzuwar da za ta tsaya wa mulkin mallaka. Amma darasin yana nan: abin da muka ƙaga yau, gobe wani zai ɗauke shi tarihi. In za ka yi almara, ka sa wa ƙasarka sunan ƙage, ka yi yadda ka so. In kuwa ka ambaci Asma'u ko Bello ko Inna ta Gobir, to ka shiga gidan mutane, zuriyarsu na raye, sai ka cire takalmi.

TAMBAYOYI KAFIN A ƊORA ALƘALAMI

Wanda duk ke son gina ƙasar da mata ke da iko, muna ba shi shawarar ya amsa waɗannan a takardarsa kafin ya rubuta babi na ɗaya.

Na farko, daga ina ikon ya fito? Na Daurama yana da alaƙa da rijiya, na Amina da hanyar fatauci, na Inna da imanin jama'a, na Asma'u da ilimi. In sarauniyarka ba ta riƙe da wani abu da mutane ke buƙata, me zai sa su bi ta?

Na biyu, wa ke gadon wa? A 1352 Ibn Baɗɗuɗa ya isa Walata ya tarar mutum ɗan 'yar uwarsa ke gadonsa, abin ya ba shi mamaki ƙwarai. A wurin Buzaye da yawa tanti na mace ne, in aure ya mutu namiji ne ke fita. Doka ɗaya irin wannan ta isa ta haifar da rikicin littafi guda: uban da ke son ɗansa, amma dukiyarsa ta ɗan ƙanwarsa ce.

Na uku, me maza ke yi, kuma me suke samu? Babu tsarin da ke daɗewa in rabin jama'a ba su da abin karewa a cikinsa.

Na huɗu, wace mace ce tsarin ya bari a baya? Ko a ƙasar mata akwai mai kwana da yunwa. Nemo ta, sau da yawa ita ce mai labarin.

Na biyar, mece ce alamar iko, kuma me zai faru in ta sauya kai? Ku tuna malfa.

Na ƙarshe, in jaruminka namiji ya shigo ya gyara komai a babi na ƙarshe, tambayi kanka ko labarin ƙasar mata ka rubuta, ko kuwa labarinsa ne ka yi wa ado da mata.

Adabinmu na al'ajabi yana da tushe mai ƙarfi, tun daga Ruwan Bagaja da Ganɗoki na 1934, zuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi, zuwa littattafan yaƙi da matasa ke rububi a yau. Abin da ya rage shi ne mu ba matan cikinsa aikin yi da ya wuce jiran ceto ko shirya makirci. Masu wasannin bidiyo sun riga sun zo sun ɗauki Amina, kuma abin da suka ɗauka shi ne doki da takobi, don shi ne ke sayuwa a wurinsu. Jaji da ayarinta, da Inna da fadarta, da tsohuwa mai gorunan ruwa, suna nan ba wanda ya taɓa. In ba mu rubuta su ba, wani zai rubuta, kuma yadda ya ga dama zai yi.

Aikin wannan mako: a rubuta shafi ɗaya, kalmomi kada su wuce 400, a kan ranar da ake naɗa mace wani muƙami a ƙasar da kuka ƙaga. Kada a zare takobi ko sau ɗaya. Mu gane girman ikonta daga abin da aka miƙa mata, da wanda ya miƙa, da wanda ya ƙi zuwa wurin naɗin. A ajiye a ƙarƙashin wannan maƙala kafin daren Alhamis, za mu zaɓi uku mu tattauna su ranar Asabar. 'Yan uwa na Wurno da Gwadabawa da Sabon Birni, in akwai abin da kuka ji daga bakin kakanni game da Jaji ko Inna, ku kawo mana, a faɗi garin da aka ji shi.

Allah Ya ji ƙan magabata, Ya sa albarka a alƙalumanmu.